Ki Buɗe Baki a Legas, Uwata

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya kai ku Legas lafiya ke da Gwaggonki Laure, ya tsare ku daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya sa ku sauka a hannun mutanen kirki. Na ba Gwaggo wannan takarda na ce kada ta miƙa miki sai mota ta wuce Zariya. Na san halinki. Da a gida aka ba ki, layi biyu za ki karanta ki ninke ki cusa ƙarƙashin katifa, ki fito kina shara kamar ba abin da ya faru. A cikin mota kuwa babu tsintsiya.

Za ki ce me ya kai Baba rubuta wasiƙa alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da nawa. Na gwada da baki. Ranar Laraba na kira ki soro, kika zo kika durƙusa daga bakin ƙofa, kanki a ƙasa, ni ma nawa a ƙasa, ƙarshe na tambaye ki ko an ba awaki ruwa. Ke ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, shi ya sa tun kina tsumma ban taɓa iya kallon idonki na yi doguwar magana ba. To maganar nan doguwa ce, kuma ba za ta jira ki dawo ba.

Hankalina a tashe yake, gara na faɗa miki. Mijinki Nafi'u yana can Turai yana aikin jinya, ya nemi a ba ki biza ki bi shi. Kin je Legas wancan karon masu ba da biza sun yi miki tambayoyi, suka ce ba su gamsu auren gaskiya ne tsakaninku ba. Yanzu sun sake kiran ki, kuma Nafi'u ya yi min bayani dalla-dalla a waya: in suka sake ƙi, za su rubuta cewa auren bogi ne aka ƙulla don neman biza. Irin wannan rubutun ba ya gogewa da sauƙi. Ƙofa za ta rufu a gabanki shekara da shekaru, shi ma kuma za a fara yi masa kallon maƙaryaci a ƙasar mutane. Tun da na ji haka, ko a gona nake sai na tsinci kaina a tsaye riƙe da fartanya, ruwa ya cika kwami har ya tsallake zuwa gonar maƙwabci.

Da farko fushi na yi. Auren bogi! Auren da liman ya ɗaura gaban jama'ar Bunkure da ta Madobi, auren da aka ci goronsa har Kura! Na yi ta faɗa a tsakar gida, kin ji ni, har kaji suka watse. Gwaggonki ta bar ni sai da na gaji, sannan ta ce, "Yaya, ka gama? To su dai ba su ci goron naka ba. Mutum yana zaune bayan gilashi, bai san ka ba, bai san liman ba, me ka ba shi ya gani?"

Da na zauna na bi abin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga duk inda ya kamata a ce akwai shaida, sawun ƙafata ne a wurin.

Ki tuna ranar ɗaurin aure. Abokan Nafi'u sun zo da mai hoto daga Kano, da ƙaton abu rataye a wuyansa. Ina ganin ya nufi cikin gida na tare shi na ce gidana ba gidan kallo ba ne. Tun kafin nan sun nemi a bar ku ku je a ɗauke ku tare, irin wanda yaran yanzu suke yi kafin biki, ango ya dafa kafaɗar amarya suna washe baki. Na ce in dai ina numfashi ba da 'yata ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, har na ba da labari a majalisa aka yi ta cewa na kyauta. To ga abin da ya rage a hannunmu: hoto ɗaya da wani ya ɗauka da waya, tsofaffi zaune a kan tabarma da ƙwaryar goro a tsakiya. Babu ke, don amarya ba ta zuwa wurin. Babu shi, don ango yana can baya ya ɓuya cikin abokansa, wakilinsa ne a gaba. Gwaggo ta ce Baturen da ya kalli hoton nan zai ɗauka taron rabon taki ne.

In sun sake tambayar ki hoto, kada ki yi shiru kamar wadda ta yi laifi. Ki ce musu a wurinmu ba amarya ce take tsayawa gaban liman ba, waliyyinta ne. Ki ce mahaifina ne ya hana ɗaukar hoto, mutum ne mai taurin kai. Ki faɗa da bakinki, na yafe miki, kuma duk wanda ya san ni zai shaida ba ƙazafi kika yi min ba.

Akwai kuma abin da ba ki sani ba, don na hana Innarku ta gaya miki. Bayan sun ƙi ki, wani a kasuwar tumatir ya ce min ai wannan ba matsala ba ce, akwai masu haɗa hoto. Na ɗauki naki na Sallah da na Nafi'u da ya turo, na kai wani shago a Kura. Aka haɗa ku tsaf, kuna tsaye a gaban wani lambu mai furanni, irin wanda ko a mafarki babu shi a Bunkure. Na kawo wa Innarku ina jin na yi dabara. Ta karɓa ta kai shi nesa da fuska ta kalla, ta ce, "Malam, shi a cikin rigar sanyi har da hula, ita kuma tana gumi?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba, don a take na ga abin da na kusa jawo miki. Da hoton nan ya shiga hannunsu, da na mayar da aurenki na gaskiya ƙarya da hannuna. Na jefa shi a murhu.

Saboda haka duk wanda ya tare ku a bakin ofishin ya ce zai gyara muku wani abu, ko ya koya miki amsar da Turawa suke so, ki wuce shi. Abin da ba ki sani ba ki ce ban sani ba. In ba ki gane tambaya ba ki ce a maimaita, ai don haka aka ajiye tafinta. Kuma ki riƙe Gwaggonki, don ita in ta ga za a yi nasara ba ta ƙin ƙara gishiri.

Sai maganar waya. Wata rana da hantsi kin bar wayarki a kan turmi, na ɗauka zan duba lokaci, ban san me na taɓa ba sai ga muryar Nafi'u tana fita, yana kiran ki da wani suna da ba ni na raɗa miki ba. Kika fito da gudu daga madafa, hannunki duk kullu. Na ɗaure fuska na ce, "Wannan wane irin rashin ta-ido ne a gidan mutane?" Daga baya Innarku ta gaya min tun daga ranar duk saƙon da ya turo sai ki saurara sau ɗaya, ki goge. Da mutanen Legas suka ce ki nuna musu hirarku, kika miƙa musu waya fes kamar sabuwa. Yaron nan mijinki ne, da sadakinsa da shaidunsa. Ban san me ya kai ni shiga tsakaninku ba, in ban da dai na saba duk abin da ya motsa a gidan nan sai na ce wani abu a kai.

Alhamdu lillahi shi bai goge nasa ba, ya ce ya tura musu. To in suka karanto miki wani a gaban mutane, ko da mai sunan nan ne, kada ki rufe fuska da mayafi. Ki ce e, ni yake nufi.

Kuma ki faɗi sunansa. Na san a gidan nan kika tashi, inda Innarku ta kai yau ba ta taɓa furta nawa ba, in ta zo kan mai irin sunana sai ta ce "mai sunan Malam". Kin gaya mata da suka ce miki wa kika aura, sai kika nuna takarda da yatsa kika ce, "Ga shi nan a rubuce." A wurinmu wannan tarbiyya ce, kowace uwar miji za ta yi alfahari da ke. A wurinsu kuwa macen da ba ta iya faɗin sunan mijinta, to ba ta san shi ba ne. Ki gwada tun yanzu a cikin mota. Ki juya wajen taga ki ce Nafi'u, a hankali, har bakinki ya saba. In Gwaggo ta yi miki dariya ki ce ni na sa ki.

Bari na ba ki labarin da zai sa ki san ba ke kaɗai ce za ki faɗi wannan jarrabawa ba. Gwaggonki ta samo irin tambayoyin da suke yi, ta zo ta zaunar da ni da Innarku bayan la'asar ta ce sai ta gwada mu. Ta ce, "Yaya, wace miya matarka ta fi so?" Na ce wannan ai ko barci nake, kuka. Innarku ta ce, "Ni? Wallahi ko ƙamshinta ba na so. Don kai nake kaɗawa." Na ce to me kike so? Ta ce ɗanyar kuɓewa. Uwata, kuɓewar da nake nomawa a bakin magudana ina lodawa a mota a kai Kano, ban taɓa tunanin na ajiye mata ko kwano ɗaya ba. Gwaggo ta ce, "Yaushe aka haife ta?" Na ce da damina. Innarku ta ce da rani ne, ana sussukar alkama. "Wane launi ta fi so?" Na kalli zanen jikinta na ce shuɗi. Ta ce wannan ma aro ne, na Laure ne. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "An ƙi ku! Auren bogi! Kowa ya kama gabansa!"

An yi dariya, ni ma na taya su. Amma da na koma gona abin ya tsaya min a rai. Matar nan ta haifa min ku, ta yi jinyar mahaifiyata har ta koma ga Allah, shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir ita ta riƙe gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli, ni kuwa ban san miyar da take so ba. Ba na cewa Turawa sun fi mu sanin aure. Sai dai tambayar tasu ba ta banza ba ce kamar yadda na ɗauka. Ke kin fi ni, na sani. Innarku ta ce kin san Nafi'u ba ya shan shayi da madara, kin san ƙafarsa ta hagu tana damun sa in ya daɗe a tsaye, kin san sunan tsohuwar da yake jinya wadda take kiran sa ɗanta. To duk wannan da kika ɓoye a ciki, shi suke nema. Ki fito da shi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Duk na baya kewaye-kewaye ne, kin san ni.

Nafi'u ya karanta min dalilan da suka rubuta. Hoto da waya da suna duk ƙanana ne, ya ce da su kaɗai ne da wataƙila an wuce. Babban shi ne wannan. Shi ya rubuta musu cewa Allah ya ba ku ɗa namiji bara, ya koma a ranar da ya zo. Ke kuma da suka tambaye ki ko kun taɓa samun haihuwa, sai kika sunkuyar da kai. Suka sake tambaya, kika girgiza kai. Suka ce miji ya ce an haihu, mata ta ce ba a haihu ba, to ɗaya yana ƙarya, ko kuma ba su san juna ba.

Nan Nafi'u ya gama karantawa. Shi yana jin nauyina, ba zai ce Baba kai ne ba. Ni kuwa na sani.

Uba ba ya irin wannan magana da 'yarsa, balle ta fari. Ki yi haƙuri ki karanta.

Bayan biki kin tare a gidansu a Madobi, ya yi ɗan hutun da aka ba shi ya koma bakin aiki. Da ciki ya tsufa aka dawo da ke gida kamar yadda ake yi wa ta fari. Kin ɓoye shi cikin hijabi, mu ma muka yi kamar ba mu gani ba. Naƙuda ta zo miki kafin lokaci, da safe ina wajen dashen tumatir aka aiko. Kafin na isa asibiti an haihu, ke kuma jini ya ɓalle miki, ba ki san inda kanki yake ba, an shige da ke ciki Innarku tana biye. Wata nas ta fito da shi naɗe a zanen Innarku, ta ce, "Baba, kai ne kakan? Ka karɓe shi. Yana numfashi, amma gaskiya sai dai addu'a."

Na karɓa. Bai kai nauyin mudun shinkafa ba. Na zauna a kan benci na rasa abin yi, sai na kira Nafi'u. Yana wurin aiki, na ji hayaniya, na ji yana tafiya da sauri har wurin ya yi tsit. Na gaya masa yadda ake ciki, ban rage komai ba. Aikinsa ne, ya fi ni sanin me maganar nas take nufi. Ya tambayi jikinki, na ce suna kanki. Sai ya ce, "Baba, an yi masa huɗuba?" Na ce a'a, yanzu zan yi. Ya ce, "Baba, don Allah ka bar ni. Ka kara masa wayar a kunnen dama."

Na kara masa. Daga can ƙasar da ban san ko ta ina take ba, yaron nan ya yi kiran salla a kunnen ɗansa. Ina jin muryar tana fitowa ƙasa-ƙasa daga wayar. Da ya zo kan shahada ta biyu muryar ta karye, ya tsaya, ya sake ɗauka daga inda ya tsaya. Ya ce na mayar kunnen hagu, na mayar, ya yi iƙama. Sannan ya ce, "Sunanka Halidu." Na ɗago wayar na ce, "Haba Nafi'u, ga sunan mahaifinka?" Ya ce, "Baba, kai ke riƙe da shi."

Kin san sunan, Innarku ta raɗa miki daga baya cewa mai sunan Malam ne. Amma ba ki san yadda aka sa shi ba, don ni na hana. Yaron ya cika bayan azahar, a hannuna, wayar tana kan cinyata a buɗe, ubansa yana ji. Muka yi masa sutura, muka sallace shi, ni na ɗauke shi zuwa maƙabartar da ke bayan babbar magudana. Da na dawo na kira Nafi'u na ce, "Abin da ya wuce ya wuce. Kada ka tayar mata da maganar nan, ko a waya ko a saƙo. Yarinya ce, ka bar ta ta manta." Ya ce to, Baba. Da kika farfaɗo na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Allah ya karɓi abinsa. A yi haƙuri, kada na ji kuka, kada na ƙara jin zancen." Kika ce to, Baba.

Haka na ga an yi wa mahaifiyata, haka aka yi wa Innarku da wanda ya biyo ki ya rasu. Na ɗauka tausayi ne. Ku biyun kuwa kuka yi min biyayya irin wadda ban taɓa gani ba. Nafi'u ya ce duk hirar da kuka yi daga ranar zuwa yau, babu inda ɗayanku ya ambaci yaron. Mata da miji sun rasa ɗa, kowa yana kuka a ɓoye, ke a bayan ɗaki wajen tulu, shi a can cikin sanyi, kowa yana jin tsoron taɓa wa ɗan'uwansa ciwo saboda wani tsoho ya ce a yi shiru. Ina ganin ki da safe idonki a kumbure, na ce mura ce. Ba mantawa kika yi ba. Kin dai rame, kin daina dariya, kin koma share tsakar gidan da aka riga aka share. Sannan aka kai ki gaban baƙo a bayan gilashi ya tambaye ki, kika yi abin da ubanki ya ce.

To ni na ɗaura, ni nake kwancewa. Na janye maganata, a gaban Allah na janye ta.

Ban sani ba ko za su yarda. Wannan shi yake hana ni sukuni. Wataƙila su ce wadda ta ce a'a jiya ta ce e yau ba abin yarda ba ce. Katin asibiti yana cikin jakar Gwaggo, amma Nafi'u ya ce takarda kaɗai ba za ta wanke ki ba, sai sun ji daga bakinki dalilin da ya sa kika musa. Ki gaya musu. Ki ce a wurinmu mace ba ta zancen ɗanta na fari ko yana raye, balle ya rasu. Ki ce sunan mahaifina aka sa masa, ni kuwa ban taɓa furta sunan mahaifina ba. Ki ce mahaifina ya hana ni zancen, ya hana mijina. In kuka ya zo miki ki yi, kada ki haɗiye. Ba wanda ya taɓa mutuwa don ya yi kuka a gaban Bature.

Kafin ki shiga wurinsu kuma, ki kira mijinki. Ba don ku haɗa baki ba, wannan ba abin haɗawa ba ne. Ki kira shi ki ce, Baba ya gaya min ranar. Ya daɗe yana jiran wanda zai yi maganar nan da shi, kuma ba ni ba ne. Ko da Legas ta ƙi ku, Allah ya kiyaye, ban so ku ƙara kwana kowa da nasa shirun.

Akwai abin da kika tambayi Innarku sau ɗaya, ta ce ba ta sani ba, don tana kanki a lokacin. Kin tambaye ta kamanninsa. Ni kaɗai na san amsar, kuma na ji lokacin da kika tambaya, ina soro, na yi kamar ban ji ba. Fari ne sol kamar yadda jarirai suke zuwa, amma bakin kunnensa ya nuna baƙi zai yi, irin ubansa. Gashi cike da kai, a kwance luf. Goshin Nafi'u ne da shi, mai faɗin nan. Yatsunsa dogaye irin naki. Bai yi kuka sosai ba, ɗan ƙara ne kamar na ɗan akuya sabon haihuwa. Da ubansa yake kiran salla ya buɗe ido ɗaya, na dama, ya daɗe bai rufe ba. Kabarinsa yana gefen gabas kusa da katanga, na kafa dutse a kai, ina bi ta wurin duk ranar da aka sako mana ruwa.

In suka ce miki ya sunansa, ki ɗaga kai ki faɗa. Sunana ne, ni nake da iko da shi, kuma na ba ki. Ki faɗe shi da ƙarfi yadda tafinta ba zai ce ki maimaita ba.

Allah ya buɗe bakinki, ya sanyaya zuciyar wanda zai saurare ki. Allah ya sada ki da mijinki cikin aminci, ya ba ku masu albarka masu tsawon rai, ya sa wanda ya riga mu ya zame muku mai ceto. Allah ya tsare tafiyarku da dawowarku. Ki yafe min, Uwata. Innarku tana gaishe ki, tana nan zaune kusa da ni ta ƙi tashi, wai sai ta ga na rubuta har ƙarshe ban tsallake komai ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Halidu, kakan Halidu